Baba Gide Ƙwai da Kwalbar Sifirit

Duk baƙon da ya sauka a 'Yankara ya ji ana ambaton Gide Ƙwai, yakan ɗauka mai kiwon zabi ne. In ya bi kwatance ya isa gidan, sai ya tarar da wani siririn tsoho zaune a zaure, gidan kuwa ko ɗan tsako babu. Ƙwan da aka laƙaba wa Baba Gide ba na ci ba ne, ƙwan fitila ne. Shi ke kula da fitilun masallacin unguwarsu tun gemunsa bai fito ba. Gadon gida ne. Mahaifinsa ya yi zamanin a-ci-balbal mai man gyaɗa, shi kuma ya taso daidai lokacin fitilar ƙwai mai shan kalanzir.

Manomi ne, yana da gonar masara da dawa a hanyar Ruwan Godiya. Amma in ka tambaye shi aikinsa ba zai ce noma ba, don kowa manomi ne a garin. Sai ya gyara hula ya ce, “Ni ke da hasken masallaci.” Ba sarauta ba ce, ba rawani, ba kujera. Abin da ke cikinta tsani ne guda da mabuɗin wani ɗan ɗaki a bayan masallaci. Amma yadda yake rataye mabuɗin nan a wuya, sai ka rantse na taskar gwamna ne.

Aikinsa yana da ƙa'ida. Bayan la'asar yakan zauna a ƙofar masallaci da 'yar ƙwaryar toka. Ba kowace toka ba, sai ta karan dawa, wadda aka tankaɗe da rariyar matarsa Dada. Ya zare ƙwai, ya hura masa numfashi, ya barbaɗa toka, ya murza da tsumma, ya ɗaga sama ya duba ta hasken rana. In ya gama, ƙuda ma sai ya yi karo da gilashin don bai gan shi ba. Yana da magana guda da kowa ya haddace: “Abin da toka ba ta wanke ba, ba dauɗa ba ne, halitta ce.”

Zamansu da Dada zaman lafiya ne, in ka cire maganar tsumma. Duk zanen da ta ajiye ta juya baya, sai ta tarar an yage masa gefe. Wata shekara har sabon zanen sallarta ya taɓa, wai shi ya fi laushi. Sai da ta yi mako tana ba shi tuwo miya a gefe, magana babu.

Da aka sayi inji aka kawo dogayen ƙwayayen lantarki, mutane suka ce aikin Gide ya ƙare. Bai ƙare ba. Su ma gilashi ne, toka ta karɓe su, suka zauna lafiya shekara da shekaru. Wannan ya ƙara masa tabbacin cewa duniya tana sauya riga ne kawai, jikin dai shi ne.

Ana nan sai Alhaji Muhammad Awwal, wani ɗan unguwar da Allah ya buɗa wa a fataucin hatsi tsakanin Sabuwa da kudu, ya yi wa masallacin alheri. Ya sa aka kafa faranti mai zuƙar rana a kan rufi, da fitilu uku irin na zamani, waɗanda masu aikin ke kira el-i-di. Ɗaya a haraba, ɗaya a tsakiyar masallaci, ɗaya a saman inda liman ke tsayawa. Wanda ya kafa su wani magidanci ne daga Kankara mai suna Bilya. Da ya sauko daga tsani ya dubi Baba Gide ya ce, “Baba, waɗannan ba su son yawan taɓawa. In sun yi ƙura, a kashe su, a shafe da busasshen ƙyalle mai laushi, shi ke nan.”

Baba Gide ya gyaɗa kai irin gyaɗawar da ake yi wa yaro in ya zo da labarin da aka riga aka sani. A ransa ya ce ba a nuna wa na rigingine farin wata.

Damina ta faɗi. Shinge da sauran ƙwarin da ke bin haske suka yi wa fitilun nan biki, ƙudaje suka bar nasu zanen, hayaƙin turaren wuta na ranar Juma'a ya ɗora nasa. Baba Gide ya gwada busasshen ƙyalle sau ɗaya don fita hakki, ya ga abin wasa ne. Ya ɗauko ƙwaryarsa ya fara da ta haraba.

Abin da bai lura ba shi ne murfin fitilar ba gilashi ba ne, roba ce mai kama da gilashi. Toka ta bi ta ta kakkarce. Yana murzawa tana ƙara dushewa, shi kuma yana ƙara toka. Da magariba aka kunna, sai ga ta kamar idon tsoho mai yana.

Bai gaya wa kowa ba. Da safe ya ɗauko turarensa mai maiƙo, irin na 'yar kwalba da yake shafawa ranar Juma'a, ya shafe murfin. Ikon Allah, maiƙon ya cike karcen, murfi ya washe. Don murna har ya buɗe ciki ya bi 'yan ƙananan idanun nan ruwan ɗorawa, waɗanda hasken ke fita daga cikinsu, ya shafa wa kowane. Ranar duk wanda ya shigo haraba sai ya buɗa hanci ya tambaya ko wani ya dawo daga Umra. Baba Gide yana gefe yana jan carbi.

Daɗin bai daɗe ba. Zafin fitila ya dafa turaren, idanun suka yi duhu, murfi ya zama tarkon ƙwari. Hasken ya koma launin shayin da aka hana madara. Masu alwala suka koma laluben butoci da ƙafa.

Ta tsakiya kuwa, shawara ya nema, don mutum ne mai ɗaukar darasi. Sai dai wurin Jabiru mai fenti ya nema.

“Baba, tina za ka sa,” in ji Jabiru. “Ruwan da muke sirka fenti da shi. Wallahi ba abin da tina ba ta ci.”

Jabiru bai yi ƙarya ba. Tina ta ci kashin ƙuda, ta ci hayaƙi, ta zarce ta ci murfin. Roba ta yi laushi ta yi fari kamar kindirmo, tsumma ya manne a jiki. Garin ɓamɓarowa Baba Gide ya danna babban yatsansa, shi ma ya bar hotonsa raɗau a tsakiyar murfin. Da aka kunna fitila, ga zanen yatsa nan kowa na gani.

Akwai wani Kamilu, ƙanen ladan, mai shagon cajin waya a bakin tasha. Mutum ne da ya ba hamsin baya, kuma tun ranar da aka kafa fitilun yake faɗa a majalisa cewa harkar wuta sai wanda ya san wuta. Shi ya fara ɗaga kai bayan an sallame.

“Jama'a, ba sai an yi bincike ba,” in ji shi. “Mai ƙuri'a ya riga ya dangwala.”

Aka yi ta ƙunshe dariya cikin hannun riga.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Alhaji Muhammad Awwal ya tsayar da dattawan masallaci. Mutum ne mai kunya, sai da ya gaida Baba Gide ya tambayi Dada da jikoki kafin ya shiga magana.

“Baba, ku ne iyayenmu, ba mu da bakin yi muku faɗa. Amma biyu sun tahi. Saura ta wurin liman, ita ma ƙwari sun shige cikinta ta dushe. Ga azumi ya ƙarato, nan za a zauna tafsiri, Alaramma Rabo kuma kun san idonsa. Dole a gyara ta. In ta yi haske, tsani naku ne har Allah ya yi ikonsa. In ta bi 'yan'uwanta, ku yi haƙuri a ba Kamilu mabuɗi.”

Kamilu ya sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, amma hannunsa har ya fara shafa wuya wurin da igiya za ta zauna.

Baba Gide ya koma gida ya zauna a zaure. Dada ta kawo fura ya ce a mayar. A shekarunsa bai taɓa tunanin wata la'asar za ta yi ba shi da abin gogewa ba. In aka karɓe mabuɗin, shi wane ne? Wani tsoho mai suna Ƙwai, ba kaji ba fitila.

“Malam,” in ji Dada daga bakin ƙofa, “ina da ruwan bilic da nika wanke fararen kaya da shi. Ko a gwada?”

“Ke Dada, rufa mini asiri. Saura guda.”

“To ka tahi wurin mai abin mana. Girman kai ba ya kunna fitila.”

Ranar kasuwar Kankara ya bi motar safe, don yanzu kowa so yake ya je ya dawo da sauran rana. Ya sami Bilya a rumfarsa cikin wayoyi da batura. Ya zauna a benci ya zayyana masa komai, bai rage ba. Bilya ya saurari zancen toka ya dafe kai. Ya ji na turare ya cire hula. Da aka zo kan tina sai ya miƙe ya zaga rumfa ya dawo.

“Baba, fetur fa? Kalanzir?”

“Ban kai gare su ba.”

“Alhamdu lillahi. Kada ka kai. Su ma ci suke, roba ta tsattsage. Bilic kuma, in ya shiga ciki, ƙarfen da ke ƙarƙashin idanun nan yake ci, su yi baƙi.”

Baba Gide ya yi hamdala a zuci da bai bi ta Dada ba, ya kuma ƙudurta zai gaya mata.

“Ga yadda za ka yi,” in ji Bilya. “Ka kashe ta, ka sauko da ita, ta huce. Murfi ka cire shi daban, ka wanke da ruwa da ɗan sabulu kaɗan, da hannu ko ƙyalle mai laushi, ka bari ya bushe sarai. Ciki kuwa ko ɗigon ruwa kada ya gani. Ka kaɗe ƙwarin, sannan ka ɗiga wannan a auduga ka shafi idanun a hankali, kamar kana share wa jariri kwantsa.”

Ya miƙo masa wata 'yar kwalba mai ruwa fari. Baba Gide ya buɗe ya shinshina, abin ya daki ƙwaƙwalwarsa.

“Wanga mi ne ne?”

“Sifirit. Irin wanda ake shafa wa mutum kafin allura.”

“Da mi aka yi shi?”

Bilya ya fara sosa ƙeya. Maƙwabcinsa Salahuddeen mai kemis, wanda tun ɗazu yake miƙo kunne, ya leƙo.

“Baba, kada ya ɓoye maka. Shi da giya ɗan wa da ɗan ƙane ne. Sai dai wannan ba a sha, wanda ya sha ya makance ko ya sheƙa.”

Baba Gide ya ajiye kwalbar a ƙasa, ya goge yatsunsa a jikin benci.

“Bilya, ɗan'uwan giya za ni kai masallaci? Bisa kan liman?”

“Baba, tashi yake. Kafin ka ƙifta ido ya bi iska.”

“Ɓarawo ma tashi yake, amma an san ya shigo.”

Aka yi ta fama. Daga ƙarshe tunanin Kamilu rataye da mabuɗi ya rinjayi ƙyama. Ya sa aka ƙulle kwalbar a leda, aka sa ledar cikin wata leda, ya riƙe da hannun hagu nesa da jiki. A mota wata tsohuwa ta tambaye shi ko fitsarin gwaji zai kai asibiti. Ya ce mata e, don ya ga wannan ya fi sauƙin faɗa.

Dada ta hana kwalbar shiga ɗaki, shi ma bai so ba. A kan katangar bayan gida ta kwana.

Washegari da hantsi, lokacin da masallaci ba kowa, ya kafa tsani ya sauko da fitilar. Bai yarda ya yi aikin a haraba ba. Ya tsallaka hanya ya shimfiɗa buhu ƙarƙashin bishiyar bedi, inda ya tabbatar ƙasar gwamnati ce. Ya cire murfi ya wanke da sabulu ya jingine. Ya kaɗe gawarwakin ƙwari sun kusa cika tafi. Sannan ya yi a'uziyya, ya ɗiga sifirit a auduga, ya bi idanun ɗaya bayan ɗaya yana kau da hanci. Auduga ta yi baƙi, idanu suka fito tas kamar ranar da aka kawo su. Shi kansa sai da ya ce, “Kai!”

Ya mayar da kwalbar cikin leda ya rataye a reshen bedin, ya zauna yana kallon aikinsa. Sai wani tunani ya faɗo masa. Abin da najasa ta taɓa, ai ba a mayar da shi masallaci sai an tsarkake shi. Tsarki kuwa da ruwa ake yi. Bilya ya ce kada ciki ya ga ruwa, amma Bilya mai sola ne, ba malami ba. Ya auna mabuɗi, ya auna lahira. Ya tashi ya ciko buta.

Ya ɗaga butar ke nan, bakinta ya karkata, sai ga liman, Malam Abubakar Sadiq, ya ɓullo a kan kekensa daga wurin wani suna.

“Baba Gide! Alwala za ka yi wa fitila?”

“Tsarki, Allah gafarta Malam.”

Liman ya jingine keke ya riƙe bakin butar da hannu, sannan ya nemi bayani. Da ya gama ji, ya tsuguna ya ɗauki fitilar ya jujjuya.

“To nuna mini najasar.”

“Nan na shafa ta.”

“Na ji. Ina take? Ka ga launinta?”

Baba Gide ya duba. “Babu.”

“Shinshina.”

Ya shinshina. “Babu wari.”

“Saura ɗanɗano. Lasa mu ji.”

Har Baba Gide ya fito da harshe, sai ya mayar da sauri. “Allah gafarta Malam, in kuma tana nan fa? Na sha giya ke nan da furfurata, a gaban liman?”

Liman ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Da ya natsu ya ce, “Baba, wannan abin malamai sun yi magana a kansa, wasu sun tsananta, da yawa sun sauƙaƙa, tunda ba abin sha ba ne, magani ne. Bara da ka yi zazzaɓi aka yi maka allurai a Faskari, mi suka shafa maka?”

Baba Gide ya shafa gemu. Can ya ce, “Ta baya suka shafa. Ban gani ba.”

“Ka yi salla bayan nan?”

“Na yi.”

“To fitila ba ta fi ka tsarki ba. Amma don zuciyarka ta kwanta, ga murfi nan. Mai abin ya ce shi yana shan ruwa. Zuba masa har ka gaji. Ciki kuwa, in ka jiƙa shi ka lalata kayan masallaci da gangan, wannan ba saɓani a kansa.”

Nan Baba Gide ya sami mafita. Ya juye buta a kan murfi, ya sake cikowa ya juye, ya ƙara ta uku don cika sunna. Ya shanya shi a rana, ya zauna gadinsa yana korar awaki har ya bushe ƙarau. Kafin la'asar fitila ta koma mazauninta.

Da magariba masallaci ya cika fiye da kullum, don labari ya zaga. Kamilu ya zo da sabuwar riga, ya zauna a sahun gaba. Baba Gide ya sa yatsa a makunni, ya danna.

Haske ya zubo. Aka ga ɗinkin da ke bayan rigar ladan, aka ga inda gara ta ci tabarma. Alaramma Rabo ya buɗe Alƙur'ani ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa, ya ce, “Ma sha Allah, har wasulla suna gaishe ni.”

Bayan salla Alhaji Muhammad Awwal ya juyo yana murmushi. “Baba, magana ta ƙare. Tsani naku ne. Sauran biyun zan sa Bilya ya canza su kafin a ga wata.”

Kamilu ya fara neman takalmansa. Baba Gide ya ɗaga hannu.

“Alhaji, ina da roƙo. Kamilu ya nuna kishin aikin ga, bai kamata shi tashi hannu wofi ba. Aikin yanzu kashi biyu ne. Ni ina da tsani. Akwai kuma kwalba, wadda Dada ta ce ba ta ƙara kwana gidanta, ɗakin masallaci kuwa bai dace da ita ba. Tana son amintaccen mutum wanda ya san wuta.”

Dattawa suka ce wallahi an yi adalci. Kafin Kamilu ya haɗa uzuri, Baba Gide ya fita ya tsallaka hanya, ya ciro ledar daga reshen bedi, ya dawo ya tsaya daga wajen haraba ya miƙa masa da hannun hagu.

“In na buƙata zan aiko. Ka rufe bakinta da kyau, tashi take.”

Kamilu ya karɓa da yatsu biyu. Yayansa ladan ya dafa kafaɗarsa.

“Allah ya taya riƙo, Sarkin Kwalba.”

“Yaya, don girman Allah kada sunan ga shi bi ni.”

Daga bayan sahu wani ya ce, “Ranka ya daɗe, ai ya riga ka isa tasha.”